Roba-robana ya rasa ƙarfi: bayanan gyara daga Disamba zuwa Fabrairu

Asabar, 7 ga Disamba 2024

Babur ɗina roba-roba ne ɗan China, mai inji 110, giya huɗu, babu hannun kuloci. Na hannu na saye shi bara, na kuma yi dace mitarsa tana aiki. Shi ke kai ni aiki daga Rijiyar Zaki zuwa cikin gari ya dawo da ni. Tun shigowar sanyi ya canza hali. Da safe sai an yi ta buga masa kik kafin ya amsa, in ya tashi kuma sai an riƙe totur, ana saki ya mutu. A miƙaƙƙen titi allurar mita ba ta son wuce 60. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gadar Ƙofar Nassarawa: tun kafin in kai tsakiya sai na sauko giya uku, 'yan adaidaita na danna mini hon a baya.

A majalisa kowa likita ne. Wannan ya ce a fasa salansa, wancan ya ce a cire soson iyakilina ya sha iska, wani ya ce a sa masa jet mai faɗin rami, wato ɗan tagullar da mai ke bi ta cikinsa a kafireto. Ban ɗauki ko ɗaya ba. Injin nan jikan injin Honda Super Cub ne, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1958, silinda ɗaya a kwance, kuma ƙarfinsa duka ba ya wuce doki 7 ko 8 ko da yana sabo fil. Mai wannan ɗan ƙarfi, in birki ya ci kaɗan, cen ya ci kaɗan, bawul ya zubar da kaɗan, me ya rage? Don haka ba ƙari nake nema ba, wanda ya ɓata nake so in gano inda ya shiga.

Tsarina shi ne abu ɗaya a lokaci ɗaya, in hau in ji bambanci, sannan in taɓa na gaba. In aka gyara abu biyar rana guda, ba a san wanne ya yi aiki ba. Ma'auni biyu na ɗauka: hawan gadar nan, da shan mai. Tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 a ƙarshen 2024 ta haura 1,000, saboda haka shan mai ba abin wasa ba ne. Ina cika tanki zuwa wuya a gidan mai ɗaya, in rubuta lambar mita, in na dawo cikawa in raba kilomitan da na yi da litocin da suka shiga. Awon farko ya ba ni wajen kilomita 33 a lita. Irin wannan babur ya kamata ya fi haka nesa ba kusa ba.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Na ɗora shi kan babban jak na juya tayar baya da hannu. Ko zagaye ɗaya ba ta cika ba ta tsaya, da wani sauti na goge-goge. An ɗaure notin birkin baya har takalmin birki yana shafar ganga ko ba a taka ba. Na sassauta shi har sai da abin takawa ya sami wasa na kamar santimita 2 zuwa 3 kafin ya kama. Duk da haka in na taka na saki ba ya komawa daidai. Sandar da ke buɗe takalmin ce ƙura ta cushe, sai da aka cire taya aka goge ta aka shafa mata ɗan giris, ɗan kaɗan ƙwarai, don kada ya kai ga takalmin.

Sai iska. Mai facin bakin layinmu da babban yatsa yake awo, ko ya ƙwanƙwasa tayar da sifana ya saurara. Na sayi ƙaramin geji na aljihu. A ma'aunin psi, tayar gaba na ƙasa da 20, ta baya ta haura 45. Na mayar da su 29 a gaba, 33 a baya, da safe kafin taya ta yi zafi. Babur ya yi sauƙin turawa har a tsakar gida, kansa kuma ya daina nauyi a kwana.

Asabar, 14 ga Disamba

Juyen baƙin mai. Na ɗan zaga unguwa don inji ya yi ɗumi, na kwance notin ƙasa da sifana 17. Abin da ya zubo baƙi ƙirin ne, ya tsinke, kuma ya cika robar lita ɗaya har wuya. Wato an cika shi fiye da ƙima. Injin nan kusan lita 0.8 yake ɗauka a juye, amma robar mai lita ɗaya ce, yaran shago kuwa sukan tuttule ta duka, su ce ai kuɗinka ne. Man da ya yi yawa kayan cikin inji ne ke ta bugunsa yana kumfa, ƙarfi na tafiya a banza, ragowar ta bi tiyon numfashi ta fita.

Na auna da kwalba, na zuba, na tayar na minti biyu, na kashe, na jira ya kwanta. Wajen duba sandar awo, babur a tsaye cak, ana ɗora ta ne a bakin ramin ba tare da an murɗa ta ciki ba.

Wani abu da mutane da yawa ba sa kula da shi: a roba-roba mai ɗaya ne ke yi wa inji da giya da kuloci hidima. Man mota na zamani akwai mai sinadarin ƙara santsi, shi kuwa kuloci kamawa yake so. Shi ya sa na nemi 20W-50 na babur mai alamar JASO MA a jikin roba. Man awo da ake zubawa a kwalba a bakin titi na bar shi, don ban san daga wace ganga ya fito ba. Injin ba shi da matatar takarda irin ta mota, ga kuma ƙura, don haka duk kilomita 1,000 zan riƙa juyewa.

Giya ta yi laushin shiga. A gada ban ga wani canji na a zo a gani ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Hazo ya sauka sosai makon nan. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, laushi gare ta fiye da garin fulawa, kuma babu inda ba ta shiga. Da na cire robar gaba na buɗe akwatin iyakilina, soson ya koma ja, ya bushe ƙamas, in ka matsa shi ƙasa ce ke zuba.

Nawa na soso ne, don haka ana wanke shi. Na jiƙa shi a kananzir ina matsawa a tafin hannu, ba murɗewa kamar wanki ba, don murɗewa na yaga shi. Na bi da ruwan sabulu, na shanya a inuwa ya bushe sarai, sannan na ɗiga masa baƙin mai sabo na mutsuttsuke har ya game ko'ina, na matse ragowar. Man shi ne tarkon ƙurar. Soso busasshe manyan ƙwayoyi kawai yake tarewa. Wanda nasa na takarda ne kuwa kada ya sa masa ruwa ko mai, sabo ake saye.

Ga masu cewa a cire soson gaba ɗaya: gaskiya ne babur zai yi kuka mai daɗin ji, amma duk ƙurar da na wanke yau da cikin silinda za ta shiga, ta haɗu da mai ta riƙa cin ringi da bangon silinda. Kafin damina sai hayaƙi.

Fulogi ma na ciro shi. Bakinsa baƙi ne mai busasshiyar toka, alamar fetur ya fi iska yawa, abin da ya dace da toshewar soso. Na sa sabo, C7HSA, wanda na China ke zuwa da lamba A7TC, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Da yatsu na fara murɗa shi har ya zauna kafin in sa sifana, saboda kan injin na alminiyam ne, zarensa ba ya jure gaddama.

Asabar, 28 ga Disamba

An ci gaba an kuma koma baya. A kan titi ya buɗe, yana taɓa 70. Amma silo, wato bugun inji in an saki totur, ya lalace fiye da da. In na saki totur injin sai ya daɗe a sama kafin ya sauko, salansa na tas-tas in ina gangarowa daga gada, tashin safe kuma ya ƙara wuya. Mai ya koma wajen kilomita 38 a lita. Zargina yana kan kafireto.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau na ba shi yini guda. Na shimfiɗa farin buhu a ƙasa, na ajiye murfin kwano don ƙananan kaya, na kori yara zuwa gidan kakarsu, don jet ɗaya in ya faɗa cikin yashi shi ke nan.

Na rufe mai, na kwance sukurin da ke gindin kofin kafireto na tari abin da ya zubo a kwalba mai haske. A ƙasan fetur ɗin ga ɗigon ruwa suna yawo, ga wani jan gari kamar tsatsa. Na san inda ya fito. Duk lokacin da layi ya yi tsawo a gidan mai, wurin 'yan bumburutu nake tsayawa, jarkokinsu kuwa a buɗe suke wuni a bakin titi, mazurarin ma a ƙasa ake ajiye shi.

A cikin kofin jet biyu ne. Babban shi ke ba da mai in an buɗe totur sosai, na ɗaga shi a rana na ga haske tas. Ƙaramin, wanda ke riƙe silo da farkon totur, sai da na ƙanƙance ido kafin in ga ɗan haske a gefe guda. Raminsa bai kai kaurin allurar ɗinki ba. Abin da aka saba gani a bakin titi shi ne a zura masa allura ko waya mai tauri a sossoke. Jet na tagulla ne, ƙarfe na faɗaɗa shi, in ya faɗaɗa kuwa babu komawa, babur ya zama mashayi har abada. Na jiƙa shi a fetur mai tsabta, na zare silin waya ɗaya mai laushi daga tsohuwar wayar wuta na bi ramin a hankali, na hura da famfon keke har haske ya fito da'ira cikakkiya. Na hura sauran hanyoyin jikin kafireton. Fulot, abin da ke tasowa ya tsayar da mai in kofin ya cika, ba ya ɗauke da mai a cikinsa, bakin allurarsa bai yi zobe ba, na mayar da su yadda suke.

Sai sukurin iska na gefe, kuma a nan na gane abin da ya faru makon jiya. Kafin in cire shi na murɗa shi ciki a hankali ina ƙirgawa: ya haura zagaye uku kafin ya zauna. A irin wannan kafireto wajen ɗaya da rabi ake farawa. Wato wani can baya ya ga babur na shan mai yana baƙanta fulogi, bai buɗe akwatin soso ba, sai ya yi ta buɗe sukurin iska don ya rama. Toshewar soso da buɗewar sukuri suka rufa wa juna asiri. Da na wanke soson, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, ga jet a toshe, sai silo ya rikice.

Na mayar da shi ɗaya da rabi, na tayar, na bar inji ya yi zafi, sannan na riƙa juya shi kaɗan-kaɗan ciki da waje ina saurare har na sami inda injin ya fi sakin murya. Daga nan na sauko da sukurin silo zuwa inda yake bugawa a natse ba tare da tayar baya tana juyawa a kan jak ba. Na fesa ɗan fetur a mahaɗar kafireto da inji don in ji ko sauti zai canza, bai canza ba, babu inda iska ke satar hanya. A ƙarshe na yanka tiyon mai na sa ƙaramar matata ta roba mai haske, kibiyarta na kallon kafireto.

Tas-tas ɗin ya tafi. Totur na amsawa tun daga ƙasa.

Asabar, 18 ga Janairu

Tashin safe bai gama warkewa ba, kuma kik ya yi mini laushi a ƙafa, kamar babu abin da yake turawa. Wannan aikin bawul ne, ni kuma ban taɓa yi ba, don haka na sayi gejin bawul, siraran ƙarafan nan masu lamba, na kai babur wurin bakaniken unguwarmu jiya da yamma na ce a nan zai kwana.

Ya ce, "Haba Malam, aikin minti goma ne, zauna in yi maka yanzu."

Na ce, "Oga, da sanyinsa nake so a yi. Gobe da sassafe ina nan."

Ya kalli gejin da ke hannuna ya yi dariya. "Mu a yatsa muke jinsa. Amma tunda ka sayo, kawo mu ga abin da zai ce."

Dalilin kwanan shi ne ƙarfe na buɗewa in ya yi zafi, lambar da ake bi kuwa, milimita 0.05 ga bawul biyun, ta inji mai sanyi ce. Da safe ya kwance murafu biyu na kan inji, ya juya maganeto har alamar T ta daidaita da tsagar da ke jikin murfin hagu, a zagayen da bawul biyun suke rufe. Na shan mai gejin ya shiga da ɗan kamu, daidai. Na salansa kuwa ko motsi babu, gejin ya ƙi shiga sam. Bawul ɗin da aka matse haka ba ya zama daram a mazauninsa. Matsin da ya kamata ya tura fistin ta nan yake zurarewa, kuma tunda ta wurin zaman ne bawul ke sauke zafinsa, a hankali bakinsa ke ƙonewa.

Bakaniken bai yi musu ba. Ya ce masu babura ne ke jawowa, kowa ya zo sai ya ce injinsa na ƙara, a ɗaure masa ya yi shiru, in ka bar ɗan kas-kas ya ce ba ka iya aiki ba. Na yarda da shi. Ya sassauta ƙaramin notin, ya daidaita, ya ɗaure, ya sake zura gejin don ɗaurewa kan ja sukurin. Yanzu in ka kasa kunne akwai ɗan kas-kas siriri, ni kuwa daɗinsa nake ji.

Tunda muna wurin muka saita kuloci. A murfin dama akwai sukuri da noti. An sassauta notin, an juya sukurin dama zagaye ɗaya, an dawo da shi hagu a hankali har aka ji ya ɗan tokare, sai aka mayar dama kashi ɗaya cikin takwas na zagaye aka ɗaure. Zabura da yake yi in an sa giya ɗaya ta ragu ƙwarai.

Cikin duk abin da aka yi zuwa yanzu, bawul ɗin nan ne ya fi kawo canji. Kik ya yi tauri. Na bi ta Ƙofar Nassarawa da gangan, na haye gadar a giya huɗu, ko da yake a can ƙoli yana nishi.

Lahadi, 26 ga Janairu

Da asuba, da ɗan cok, bugu ɗaya ko biyu yake tashi. Mai ya kai wajen kilomita 44 a lita. Na ciro fulogi na duba, bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Cen. Na cire murfinsa na ƙarfe, abin ba kyan gani. Ya bushe, wasu gaɓoɓin sun ƙage ba sa lanƙwasa, haƙoran sifoket na gaba sun yi tsini sun karkata gefe guda. In ka ja cen ɗin daga bayan babban sifoket yana ɗagowa har ka ga rabin haƙori. Wannan ya wuce ɗauri.

Na je 'Yan Babura a Fagge na sayo saiti guda: cen 428, na gaba mai haƙora 14, na baya 36, irin waɗanda na cire. Sabon cen a kan tsohon sifoket asarar kuɗi ce, tsofaffin haƙora za su ja shi zuwa siffarsu cikin ɗan lokaci. Mai shagon ya so in ɗauki mai 15 a gaba, ya ce gudu zai ƙaru. A lissafi haka ne, kusan kashi 7 cikin 100 na ƙarin tsawon giya, amma daga ƙarfin ja ake cire shi. Ni da ke fama da gada da goyon yara zuwa makaranta, ga tsayawa da tashi a Kabuga, ba abin da zan yi da shi. Wanda ke bin doguwar hanya shi kaɗai, misali Kano zuwa Wudil kullum, zai iya jin daɗinsa.

Wajen haɗawa, makullin cen rufaffen bakinsa ne ke kallon inda cen ke tafiya. Na bar masa wasa na wajen santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, bayan na juya taya na nemo inda ya fi tsauri, na kuma tabbatar alamomin ɗauri na hagu da dama sun yi daidai don kada taya ta karkace. Robobin da ke cikin cibiyar tayar baya sun rududduge, su ma na canza, dukan da nake ji in na ja totur ya ɓace. Na shafa man giya mai kauri da tsohon burushin haƙori, na mayar da murfin. Samari na cire murfin nan don gayu. A garin da ƙura ke tashi wata huɗu, shi ne ke tsakanin cen da yashi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Awo biyu a jere sun ba ni tsakanin kilomita 47 da 48 a lita. A titin Gwarzo, da safe babu cunkoso, allura ta ɗan haura 80, na kuwa sassauta, don mitar irin waɗannan babura na da ƙari a baki, tayoyinsu da birkin ganga kuma ba na wannan gudun ba ne. Gada ina haye ta a giya huɗu ni kaɗai, da goyo sai uku, kuma ban ga laifin haka ba.

Mai shawarar fasa salansa ya karɓa ya zaga, ya dawo ya tambaye ni wane jet na sa. Na ce wanda ya zo da shi. Har yanzu yana ganin na ɓoye masa wani abu.

Matatar da na sa a tiyo ta riga ta tara jan gari a gindinta, alhali tun ranar ban sha man jarka ba. Ke nan akwai tsatsa a cikin tankin kansa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na sake wanke soso, wata biyu kacal amma ya yi ja. Na juye mai karo na biyu, wannan karon abin da ya fito bai kai na farko muni ba. Sabon cen ya ɗan saki kamar yadda sabo ke yi, na ɗaure.

Abu biyu suka rage, ina so in gama su kafin azumi ya kama a farkon Maris. Na ɗaya, a cire tanki a wanke tsatsar. Na biyu, a buɗe murfin dama na inji, inda ƙaramar ragar tace mai take, da matatar da ke juyawa a jikin kuloci tana tara dauɗa a bangonta. Ban ga alamar an taɓa buɗe wurin ba. Na sayi gaskit ɗin murfin na ajiye, don tsohon ba ya fita lafiya. Akwai kuma ɗan shuɗin hayaƙi da ke fita a tashin farko da safe ya ɗauke bayan minti ɗaya, bakanike ya ce robar bawul ce ta fara tsufa. Na yi alama a sandar awo, zan riƙa duba mai kowace Asabar in ga ko yana raguwa kafin a yanke shawarar buɗe kan inji.